Shin a ƙayyade wa 'yan majalisar jiha wa'adi kamar gwamnoni?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in ajiye shi a gabanku. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu yana kan zango na huɗu, kuma tun yanzu yaransa sun fara manna fastocin na biyar a jikin shaguna. Shekarar da ya fara shiga majalisa babban ɗana yana goye a bayan uwarsa, yau yaron yana ajin ƙarshe na sakandare. A firamaren da nake koyarwa akwai ajin da iska ta yaye wa kwano, damina uku ke nan. In hadari ya haɗo sai mu kwashe 'yan aji uku mu cusa su cikin 'yan aji huɗu, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, karatu ya tsaya sai an ɗauke ruwa. Sau biyu muna rubuta masa takarda. Ta biyun ni na kai da hannuna har gidansa na birni, mai gadi ya karɓa, shiru kake ji har yau.

Tambayata ita ce: tunda gwamna shekara 8 ce iyakarsa, shugaban ƙasa ma haka, me ya sa aka bar ɗan majalisa ba iyaka? A yi musu zango biyu mana, kowa ya huta.

Kwamared Abba:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. A 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha maimakon 30. Mun yi murna, mun yi ta taro. To amma ina amfanin a ce ka isa zama alhali mai kujera bai tashi ba? Wanda ya shekara 16 a wurin, daliget na aljihunsa, shugabannin jam'iyya na mazaɓu duk shi ya ɗora su, shi ke kai musu shinkafar azumi da ragon layya. Ta ina matashi zai ɓullo? Zango biyu, daga nan ya koma gida ko ya nemi Abuja.

Barista Nura:
Bari in fara shimfiɗa abin da doka ta ce kafin muhawara ta yi nisa. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa shugaban ƙasa sau biyu sake tsayawa, sashe na 182 ya yi wa gwamna irin haka. Ɗan majalisa kuwa, na jiha ko na tarayya, babu inda aka yanka masa wa'adi. Shi ya sa Sanata Ahmad Lawan yake Majalisar Tarayya tun 1999, kuma bai karya doka ba. In ana son a canza, sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na wakilai sun amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su ma su amince. Kun ga ke nan waɗanda ake son a yanka wa wa'adin su ne riƙe da wuƙar.

Kwamared Abba:
Wahalar abu ba ta sa a ce ba daidai ba ne, Barista.

Barista Nura:
Gaskiya ne ƙanena. Ban ce ba daidai ba ne tukuna, hanyar kawai na nuna.

Dakta Auwal (Mishigan):
Malam Baban Sadik, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. A jihar Mishigan ta Amurka nake zaune, kuma abin da kuke nema an riga an gwada shi a nan fiye da shekara 30. Tunda daga Amurka muka aro tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni a 1979, ya kamata mu ji yadda ta kaya musu.

A 1990 jihohi uku suka fara: Kalifoniya, Kolorado da Oklahoma. Ba majalisa ce ta yi wa kanta ba, jama'a ne suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, domin a jihohi da yawa na nan talakawa kan tara sa hannu su kai doka kan takardar zaɓe kai tsaye. A Kalifoniya kowa ya san wanda aka yi dominsa: Willie Brown, kakakin majalisa tun 1980, wanda bai sauka ba sai 1995, daga nan ya zama magajin garin San Francisco. Mishigan ta bi sahu a 1992. Aka ce shekara 6 a majalisar wakilan jiha, shekara 8 a ta dattawan jiha, kuma in ka gama ka gama ke nan har abada. Tsakanin 1990 da 2000 jihohi 21 suka yi irin wannan doka. Kotuna suka rushe ta a huɗu, Aidaho da Yuta kuma majalisunsu suka soke ta da kansu. Da Dakota ta Arewa ta shigo a 2022, yanzu jihohi 16 ke nan cikin 50. Majalisar tarayya ba ta ciki, saboda a 1995 Kotun Ƙoli ta ce jiha ba ta da hurumin yanka wa 'yan majalisar tarayya wa'adi.

To me ya biyo baya? Majalisar wakilan Mishigan mutum 110 ce. A zaɓen 1998, lokacin da dokar ta fara cizo, fiye da rabinsu ba su da damar sake tsayawa. Sababbin fuskoki kam an samu, wannan ba musu. Amma sai ga mutum ya zama kakaki da shekara biyu ko huɗu kacal a zaure, sai ga shugaban kwamitin kasafi bai taɓa ganin an haɗa kasafi daga farko zuwa ƙarshe ba face sau ɗaya ko biyu. Malaman jami'ar Wayne State da ke Detroit sun shafe shekaru suna bin 'yan majalisar nan suna tattaunawa da su, abin da suka gano shi ne sun ƙara dogaro da masu kamun ƙafa na kamfanoni wajen samun bayani, kuma sun rage sa ido a kan ma'aikatun gwamnati. Dalili a fili yake: ɗan majalisa baƙo ne, shi kuwa mai kamun ƙafa da babban ma'aikaci sun shekara 20 a harabar. Binciken da aka yi a sauran jihohin ma ya nuna gwamna ne ya fi cin ribar abin. Mata da aka sa ran za su cika majalisu, su ma ba wannan dokar ce ta ƙara yawansu ba.

Kada in ɓoye muku ɗaya ɓangaren: mutanen nan har gobe suna son dokar, ba su yarda a soke ta ba. Abin da suka yi shi ne sassautawa. Kalifoniya a 2012, mu kuma a 2022, aka mayar da ita shekara 12 jimla, mutum ya yi su duka a majalisa ɗaya in ya so, don dai ya samu ya koyi aikin.

Maman Ummi:
Dakta mun gode, wannan bayani ya yi. Ina tafe da nawa in na idar da sallah.

Baba Akawu:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ba kasafai nake rubutu a nan ba, amma wannan magana ta shigo gonata. Na yi shekara 28 ina aiki a majalisar dokoki ta wata jiha kafin in yi ritaya, mafi yawansu ina sakataren kwamiti.

Baban Sadik, naku ɗan majalisar irinsa ba su da yawa. Abin da na gani da idona shi ne akasin haka. Duk bayan shekara huɗu in aka zo rantsarwa, sai in tarar sababbi sun rinjayi tsofaffi a zaure. Wani karɓa-karɓa ce ta cire shi, an ce yanzu turn ɗin wancan ɓangare ne na ƙaramar hukuma, wani guguwar jam'iyya ta tafi da shi, wani kuma gwamna ne ya ce ba ya so. Shekarar farko mukan ƙare ta ne muna koya musu yadda ake gabatar da ƙuduri da bambancin karatu na ɗaya da na biyu.

Bari in ba ku abu ɗaya da ba na mantawa. Lokacin kare kasafi ne, kwamishina ya zo da babban sakatarensa da daraktoci, an raba wa kowa littafin kasafi mai kauri kamar bulo. Sababbin mambobi suna ta juya shafi, ba su san inda za su kama ba, wani ma tambayarsa ita ce ko za a ɗauki yaran mazaɓarsa aiki. Akwai wani dattijo a kwamitin, zangonsa na uku, ba shi da yawan magana. Ya buɗe jakarsa ya fito da kasafin shekaru uku da suka wuce, ya ɗaure su da roba, ya sa alamar takarda a shafukan. Ya gyara tabarau ya ce, ranka ya daɗe, wannan gyaran asibitin karkara na gan shi bara, na gan shi bara waccan, ga shi kuma bana, kuma rahoton mai binciken kuɗi ya nuna an fitar da kuɗin sau biyu, ina aikin? Ɗakin ya yi tsit. Babban sakatare ya duba darakta, darakta ya duba ƙasa. Aka nemi a ɗaga zaman. Kafin wata biyu ɗan kwangila ya koma wurin aiki, ni na rubuta rahoton ziyarar da kwamiti ya kai.

Wannan tambaya ba ta fitowa daga bakin wanda ya zo jiya, ko da kuwa farfesa ne. Sai wanda ya ga kasafi ya maimaita kansa. Kuma ku san yadda aka ƙare da dattijon nan: zaɓe na gaba ba a ba shi tikiti ba. Mutanen mazaɓarsa ba su ƙi shi ba, ba a ma kai ga tambayarsu ba.

Kwamared Abba:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarin nan ya taɓa ni. Amma a yi mini afuwa, mutum nawa ne irin wannan dattijo? Mu duba Kano. A watan Mayun 2019 majalisa ta yi dokar ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Ƙaraye da Gaya cikin 'yan kwanaki, Ganduje ya sa hannu. A ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta rushe dokar masarautun, Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina maganar wanda ya yi daidai ba ne, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Ina maganar sauri. Magana mai girma irin wannan, ina aka zauna aka ji ra'ayin jama'a? Kuma duk majalisun biyu akwai tsofaffin hannu a cikinsu. A Legas Mudashiru Obasa yana majalisa tun 2003, kakaki tun 2015. Abokan aikinsa suka tsige shi a Janairun 2025, kafin Maris ya fita ya dawo kujerarsa bayan manyan jam'iyya sun sa baki. In daɗewa na kawo ƙwarewar tsayawa da ƙafa, ina take?

Barista Nura:
Kwamared, a nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa yawancin majalisun jihohinmu 'yan amshin shata ne. Inda muka rabu shi ne sanadin ciwon. Abu biyu ne ke hannun gwamna: tikiti da kuɗi.

Ɗauki kuɗi. A gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo wa majalisun jihohi ƙudurin da zai ba su 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma ba a samu jihohi 24 da suka amince ba. Ka yi tunanin wannan da kyau, an miƙa wa mutum mabuɗin ɗakinsa ya ce a mayar wa maigida. Sai 2018 gyaran ya wuce, gwamnoni suka ƙi aiwatarwa, Buhari ya fitar da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a 2022, ma'aikatan majalisu suka yi ta yajin aiki a tsakani, aka sake wani gyaran a 2023. Majalisar da sai ta rubuta wa gwamna takarda kafin ta zuba mai a motar da za ta je duba aikinsa, wane bincike za ta yi? Alhali sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon kiran kowa ta bincike shi, sashe na 125 ya ce ita ake kai wa rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. Waɗannan majalisun ne suka yi wa tsofaffin gwamnoni dokokin fansho na gidaje da motoci. Ta Zamfara ta soke tata a Nuwamban 2019, amma sai da gwamnati ta canza hannu.

Yanzu ka ɗora zango biyu a kan wannan. Gwamna na da shekara 8, kuma ba wanda zai taɓa girme shi a sanin gwamnati cikin zauren. Wanda ke zangon ƙarshe kuma tunaninsa ina zai faɗa: kwamishina, mai ba da shawara, ciyaman, ko tikitin Abuja. Duk a hannun wa suke?

Maman Ummi:
To ga ni. Kwamared ɗana, ni na taɓa neman wannan kujera da kake magana, don haka waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Shekarar da na fito babu mai ci a kan kujerar, namu ya tafi neman majalisar wakilai. Wato daidai abin da dokar zango biyu za ta samar ke nan, kujera ba kowa. Mu bakwai muka sayi fom. Na sayar da filina, na zaga mazaɓu goma sha ɗaya gida-gida, matan da na shekara 20 ina karɓar haihuwarsu su suka riƙa yi mini jagora. Ana gobe zaɓen fid da gwani, bayan isha'i aka kira mu wani gida. Aka shimfiɗa mana darduma a falo, aka kawo lemo, wani babba ya ce an yi maslaha, daga sama an ce wane za a ba. Mutumin ko fom bai saya tare da mu ba, a birni yake zaune, rabonsa da garin tun rasuwar mahaifinsa. Na ce Alhaji, a bar mu mu shiga akwati mana, in na faɗi na faɗi. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, ke uwa ce, za a duba ki. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita, hannuna na rawa.

Saboda haka in an tashi tsoho daga kujera ba ku za a ba ba, kuma ba mu ba. Wanda ya ɗora na farko shi zai ɗora na biyu. Majalisar Kano kujera 40 ce, zaɓen 2023 bai kawo mace ko ɗaya ba, kuma ba don maza sun yi zango huɗu-huɗu ba ne. Ni abin da nake so a yi yaƙi a kai shi ne ƙato bayan ƙato na gaskiya, duk mai katin jam'iyya ya tsaya a layi a bayan wanda yake so a ƙirga a gaban kowa.

Kwamared Abba:
Allah ya saka miki Mama. Wallahi ban san kin sha wannan ba.

Alhaji Ɗan Maraɗi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ku bar ni in sa baki kaɗan, don kalmar tazarce mu mun san ɗacinta. A 2009 shugabanmu na Nijar Tandja Mamadou ya ƙare wa'adinsa biyu ya ce sai ya zarce. Majalisa ta ƙi, ya rushe ta. Kotun tsarin mulki ta ƙi, ita ma ya rushe ta. Ya yi ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta, ranar 18 ga Fabrairun 2010 soja suka ɗauke shi. Ku kuma a Mayun 2006 majalisar dattawanku ce ta kashe zango na uku na Obasanjo. Abin da na fahimta shi ne ana yanka wa'adi ne ga wanda baitulmali da bindiga ke hannunsa, don in ya daɗe ba mai iya tayar da shi. Ɗan majalisa ɗaya ne cikin talatin ko arba'in, kuma shi ne ake so ya yi ƙarfin da zai ce wa mai bindigar a'a. Mu tun Yulin 2023 ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa. Ku riƙe taku da kyau ku gyara ta.

Dakta Auwal (Mishigan):
Alhaji ya yi gaskiya. Bari in ƙara misali biyu daga maƙwabtanmu, don kada a ɗauka ina kare masu daɗewa ne.

Jihar Ilinoi ba ta da dokar wa'adi. Michael Madigan ya shiga majalisarta a 1971, ya yi kakaki shekara 36, bai bar wurin ba sai 2021. A 2025 kotun tarayya ta same shi da laifin cin hanci a shari'ar da ta shafi kamfanin lantarki na ComEd, aka yanke masa shekara bakwai da rabi. Wannan hujjar Kwamared ce, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Jihar Ohayo kuwa tana da dokar, shekara 8 a jere tun 1992. Larry Householder ya yi kakaki daga 2001 zuwa 2004, wa'adi ya fitar da shi, ya je ya huta ya dawo, ya sake zama kakaki a 2019. Kamfanin lantarki na FirstEnergy ya zuba kusan dala miliyan 60 ta bayan fage, aka yi amfani da kuɗin wajen ɗaukar nauyin 'yan takarar da za su zaɓe shi kakaki, shi kuma ya wuce da dokar ceto tashoshin nukiliya biyu da kuɗin masu biyan wuta, fiye da dala biliyan ɗaya. A 2023 aka ɗaure shi shekara 20. Ku lura da inda kuɗin ya yi aiki: kujerun da ba kowa a kai da sababbin 'yan takara masu neman mai ɗaukar nauyi. Abin da Hajiya ta gani a falon nan ke nan.

Duk su biyun abin da ya kama su masu bincike ne da kotu.

Akwai kuma Ernie Chambers na Nebraska, baƙar fata daga arewacin Omaha, wanda ya shiga majalisa a 1971 ya zame wa masu mulki ƙarfen ƙafa saboda ya fi kowa sanin ƙa'idojin zaure. Da aka yi dokar wa'adi a 2000 mutane da yawa sun ce dominsa aka yi. Ta fitar da shi a 2009. Mutanensa suka jira shekara huɗu suka sake zaɓensa, ya yi wasu takwas. Doka ba ta bambance shi da irin Madigan, duka take sharewa.

Kwamared Abba:
To ni dai ban sauka gaba ɗaya ba. Na janye zango biyu, amma a yi uku, shekara 12 kamar yadda su Dakta suka koma. Wanda bai koyi karanta kasafi a shekara 12 ba ba zai koya ba. Kuma ko ba komai duk bayan lokaci za a girgiza bishiyar, uban gida ma sai ya sake lissafi.

Barista Nura:
Shekara 12 ta fi 8 ma'ana, ban musa ba. Sai dai ka duba Filifin, tsarin mulkinsu na 1987 ya ce zango uku a jere ga ɗan majalisar wakilai. Abin da manyan gidaje ke yi shi ne in wa'adin miji ya cika sai mata ko ɗa ko ƙane ya riƙe kujerar zango ɗaya, maigida ya dawo. Kana ganin namu ba za su iya wannan ba?

Baban Sadik:
Jama'a na karanta komai, wasu ma sau biyu. Baba Akawu da Hajiya, maganarku ta sanyaya mini jiki. Amma ni gobe da safe ajin nan zan shiga, kuma mutumin nan yana nan. In wa'adi ba zai cire shi ba, kiranye fa?

Barista Nura:
Kiranye yana sashe na 110. Sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka lura, rabin masu rajista aka ce, alhali sau da yawa waɗanda ke fitowa zaɓen ma ba su kai haka ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018, a wurin tantancewa abin ya mutu. Ban ba ka shawarar ka zuba ƙarfinka a nan ba.

Amma Malam, in tambaye ka tsakani da Allah, a zaɓukan nan huɗu wa ka zaɓa a majalisar jiha?

Baban Sadik:
Barista ka tambayi gaskiya, zan ba ka gaskiya. Sau uku shi na dangwala wa. Ba don shi ba, don gwamnan da nake so. Rana ɗaya ake zaɓen biyu, an ce mana sak, muka yi sak. A ranar 18 ga Maris 2023 ne kawai na raba ƙuri'ata, kuma a rumfarmu da aka zo ƙirga ta majalisa yawancin mutane sun watse, ta gwamna kawai suka tsaya ji. Wannan abu yana damuna ƙwarai yanzu da na tuna.

Baba Akawu:
Ba kai kaɗai ba ne ɗana, kusan duk ƙasar haka take yi, shi ya sa jam'iyyar da ta ci gwamna takan kwashi majalisa. Mu da muka ga 1979 mun ga akasinsa a tsohuwar Kaduna: Balarabe Musa na PRP a gidan gwamnati, NPN ke da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, suka tsige shi a Yunin 1981. Ban ce an yi masa adalci ba, ni har yau ina jin zafin abin. Amma ya nuna maka irin haƙoran da tsarin mulki ya ba majalisa.

Yanzu maganar rufinka. Ka daina kai takarda gidansa, gida ba ofis ba ne, ba mai rubuta ta a rajista. Ka rubuta koke zuwa ga kakakin majalisa ta hannun akawun majalisa, ka yi kwafi ga shugaban kwamitin ilimi da na kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku, don gyaran firamare ta can yake bi. Kada ka sa hannu kai kaɗai, kai ma'aikaci ne, kada a juya maka abin. Kwamitin iyaye da mai unguwa da liman su sa hannu. A haɗa da hotuna da yawan yaran da ke ajin. Kuma a kai kafin gwamna ya gabatar da kasafi, wajen ƙarshen shekara, ba bayan an rufe littafi ba. In majalisarku na yin zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi, ku je ku biyar ku zauna a gaba.

Maman Ummi:
A sa iyaye mata a masu sa hannu, Malam. Su ne ke wanke kayan yaran in sun dawo a jiƙe. In ka ga dama ka turo mini daftarin ta akwatin sirri in duba maka.

Kwamared Abba:
Ni kuma zan nemo kasafin jiharku na shekara uku in duba ko makarantar ta taɓa fitowa a ciki, irin yadda dattijon Baba ya yi. Amma maganar shekara 12 tana nan, zan sake tayar da ita.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan ɗauki hotunan kafin yara su shigo, ranar Juma'a bayan masallaci in samu mai unguwa. Baba, kwafi nawa zan buga?

Baba Akawu:
Biyar. Huɗu nasu, ɗaya naka. Kuma kada ka bar ofishin akawu sai an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka.